Cimakar Gida da Tattalin Arzikin Gobir: Nazari a Kan Sabon Birni da Isa

Gabatarwa

Hausawa kan ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan maƙala za ta auna wannan karin magana da sha'anin abinci a ƙasashen Sabon Birni da Isa, don a ga amfanin da ke cikin sayen abin da aka noma a gida, da kuma abubuwan da ke kawo wa hakan cikas.

Ƙasa da Abin da Take Bayarwa

Sabon Birni da Isa suna gabashin Jihar Sakkwato, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. A nan ne kufan Alƙalawa yake, wato babban birnin Gobir wanda ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba Gobirawa biyu, wasu a Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu a Sabon Birni, amma ba ta raba cimakarsu ba.

Ƙasar tana da jigawa da fadama. A jigawa ana noman gero da dawa da wake da damina. A fadamun Gulbin Rima da Bunsuru kuwa ana samun shinkafa, sa'an nan da rani a yi lambun albasa da tattasai da tumatir. Masunta na kawo kifi, Fulani na kawo nono da man shanu, ga kuma jar akuya wadda fatarta ta yi suna har Turai.

Amfanin Sayen Na Gida

Na farko, kuɗi kan zauna a gari. Idan magidanci ya auni tiyar gero a kasuwar ƙauye, manomi ya samu, ma'auni ya samu, mai jaki ko mai amalanke ya samu. Manomin nan zai kai wa maƙeri hauya gyara, ya saya wa iyali tufafi. Wanda ya sayi shinkafar ƙasar waje kuwa, mafi yawan kuɗinsa sun bi hanyar da buhun ya biyo, ba kuwa za su dawo ba.

Na biyu, abincin gida ba ya jiran a buɗe iyaka. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar a Agusta 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a can, ba a buɗe ta ba sai Maris 2024. Duk kayan da ke ratso iyaka, farashinsu yana hannun siyasa da canjin kuɗi. Geron da ke cikin rumbu kuwa ba ruwansa da kwastan.

Na uku, lafiyar jiki. Gero da wake da nono abinci ne masu gina jiki, kuma mai saye ya san gonar da suka fito da shekarar da aka girbe su. Daddawar kalwa da ta batso suna ƙara wa miya ɗanɗano da amfani, alhali dunƙulen kanti mafi yawansa gishiri ne.

Na huɗu, wanda ya fi shafar ɗaliban harshe, shi ne adana kalmomi. Kowane iri yana tafe da sunansa: maiwa da zango a dangin gero, kaura da farfara a dangin dawa. Haka nan sussuka da shiƙa da surfe da ɓarza da kirɓi, kowace kalma aiki ce da ake yi a tsakar gida. Ranar da aka daina sayen hatsin, an daina aikin, kalmar kuma sai a neme ta a ƙamus.

Matsaloli

Ba a yau aka fara wannan kira ba. Bayan farin 1973, gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shagari kuma ta biyo da nata a 1980. Amma manomi bai huta ba, domin da kaka yakan sayar da hatsi da arha saboda bashi da buki, 'yan kasuwa su ɓoye, da bazara ya dawo ya sayi abinsa da tsada.

Matsala mafi muni ita ce ta 'yan bindiga. A watan Mayu 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, a 2021 kuma gwamnatin jiha ta rufe wasu kasuwannin mako saboda tsaro. Ƙauyuka da yawa sun biya harajin dole kafin su shiga gona, dubban mutane kuma suka yi gudun hijira zuwa yankin Gidan Rumji a Nijar. Gonar da ba a shuka ba, ba ta da abin kai wa kasuwa.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, a fili yake cewa sayen na gida yana da sharuɗɗa biyu: zaman lafiya, wanda yake haƙƙi ne a wuyan hukuma, da farashi na adalci, wanda yake hannun mai saye. Makarantun kwana da asibitoci da magidanta masu hali za su iya sayen hatsi kai tsaye daga manoma da kaka, a farashin da ba na zalunci ba. Manomin da ya jure ya yi shuka cikin fargaba, idan ya rasa mai saye, baɗi ba zai koma gona ba.