Injin ban ruwa: kada mu raina ɗigo

Manoma ƴan uwa, noman rani shi ne rufin asirin gidaje da dama a ƙasar Adar. Daga bakin tabkin Tabalak zuwa fadamun Kaita da Tamaske, albasarmu ta dogara ga injin ban ruwa. Saiwar albasa ba ta nisa cikin ƙasa. In inji ya tsaya kwana kaɗan lokacin da take yin kai, amfani ya ragu. Yau za mu yi nazarin wata ƙaramar ɓarna mai jawo babbar hasara, wato yoyo.

Ina yoyon yake fitowa?

Cikin injin akwai sandar ƙarfe mai juya farfelar da ke tura ruwa. Zobba biyu ke kewaye da ita. Na farko yana tare ruwa, na biyu na roba ne, yana tare man inji. Masu gyara suna kiran irin wannan zobe juwan. Irinsa ne ke tare mai cikin mota da babur.

Abu biyu ke kashe zoben ruwa: rairayi, da tada inji babu ruwa cikin cikinsa. Rairayi yana cin fuskar zoben. Rashin ruwa kuwa yana ƙona shi cikin ɗan lokaci. In ruwa ya samu hanya, sandar ta yi tsatsa, ta yi kaushi, sai ta cinye zoben mai shi ma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamomi

1. Ruwa ko mai yana ɗiga tsakanin famfo da inji.
2. Inji yana kuka, amma ya daɗe bai jawo ruwa ba.
3. Man inji ya yi fari kamar madara. Ruwa ya shiga ke nan. A kashe inji nan take.

Gyara

Kada mu sa sabon zobe sai mun duba sandar. Mu wanke ta, mu bi ta da farce. In tsatsa ce kawai, a goge da takardar goge ƙarfe mai laushi. In farce ya maƙale cikin wani zane, to sandar ta ci. Sabon zobe a kan sandar da ta ci, zubar da kuɗi ne, domin yoyon zai dawo. Mu kai ta ga masu gyara a Tawa. Suna iya sa mata siririyar riga ta ƙarfe, ko su cike zanen da walda su sassabe shi daidai, ko su sake sandar.

Rigakafi

Mu cika cikin famfo da ruwa kafin mu tada inji. Mu ɗaura rariya a bakin tiyo, mu ɗaga shi kada ya taɓa ƙasan rijiya. Mu duba mai kowace safiya. Tsohon mai kuma guba ne: kada mu zubar da shi kusa da rijiya ko cikin garka, kada mu shafa shi ga gyambo.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ke sa man inji ya yi fari?
2. Don me muke bin sandar da farce?