Dishewar Murya: Rabin Maganin Yana Hannunka

Mai karatu, idan likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba ka, ya ce babu ƙwaya babu allura, sai dai ka riƙa zuwa horon murya, kada ka ɗauka ya raina ciwonka ne. Horon shi ne maganin. Abin takaici, da yawa daga cikin waɗanda ake turawa sukan zo sau ɗaya ko biyu su daina, bayan wasu watanni su dawo murya ta fi da lalacewa.

Yadda murya ke fita

A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu. Iskar da ke fitowa daga huhu ita ke kaɗa su, suna haɗuwa suna rabuwa kamar sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, kamar sau 200 ga mace. Idan mutum yana yawan ɗaga murya, sai su riƙa bugun juna da ƙarfi, har su yi kanta irin wadda fartanya ke yi wa hannun manomi. Shi ya sa matsalar ta fi kama malaman makaranta, ladanai, masu wa'azi, mawaƙa, masu talla, 'yan kamasho, da iyaye mata masu wuni suna ƙwala wa yara kira. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace, taba, shisha da ƙwannafi duk suna ƙara tsananta ta.

Zuma da citta da lemon tsami suna sanyaya maƙoshi, amma ba sa cire kantar, domin hanyar abinci daban take da inda tantanin suke. Ko tiyata aka yi, in ba ka sauya yadda kake magana ba, kantar tana iya dawowa.

Me ake yi a horon?

Jami'in horon murya zai koya maka numfashi daga ciki maimakon daga kafaɗa, da fitar da sauti ba tare da matse wuya ba. Zai iya sa ka rufe baki kana cewa "mmm" har ka ji leɓɓanka suna rawa, ko ka busa sauti ta bututun shan lemo da aka tsoma a kofin ruwa. Wasu kan ji kunya, su ce wasan yara ne. Amma wannan busar tana rage ƙarfin bugun tantanin, ta ba su damar warkewa. Sauƙi yakan zo ne a hankali, cikin makonni ko 'yan watanni.

Yadda za ka dage

1. Ka faɗa wa jami'in abin da kake so muryarka ta iya: karantar da aji har a tashi, ko kiran salla ba tare da ta sarƙe ba. Da wannan zai tsara maka horon.

2. Ka maimaita a gida. Minti 5 sau da yawa a rana ya fi awa guda a mako. Ka haɗa shi da abin da ba ka mantawa, kamar bayan salla ko bayan cin abinci.

3. Ka nemi izini ka naɗi muryar jami'in a wayarka lokacin da yake nuna maka. Ka kuma naɗi taka kowane mako. Ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba, ka saurari ta farko.

4. In kuɗin mota ko aiki ne ke hana ka zuwa, kada ka ɓace shiru. Ka faɗa, a duba ko za a rage yawan zuwan ko a sauya maka rana.

5. Ka sanar da iyalinka da abokan aiki. Malami ya yi amfani da tafi ko ƙararrawa ko ƙaramar lasifika. Uwa ta taka zuwa wurin yaro maimakon kira daga nesa.

6. Ka riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, sai fa in likita ya taƙaita maka. Ka rage kaki da gyaran murya. Raɗa ma tana gajiyar da maƙogwaro, gara ka yi magana a hankali da muryarka ta ainihi.

7. Kada ka daina don ka ji dama-dama. Lokacin ne tsohuwar ɗabi'a ta fi saurin dawowa. Ka bari jami'in ya sallame ka da kansa.

Gargaɗi

Ba kowace dishewa ce ta yawan magana ba. Idan ta kai mako 4 ba ta tafi ba, ka zo a leƙa maƙogwaronka. Kada ka jira ko kwana ɗaya idan akwai wahalar numfashi. Haka kuma ka gaggauta zuwa in kana tofar da jini, ko haɗiya tana maka wuya, ko ƙullutu ya fito a wuyanka, ko kana ramewa, musamman in kana shan taba. Cutar dajin maƙogwaro takan fara da dishewar murya, kuma gano ta da wuri yana ceton rai.

Ga mutane da yawa murya ita ce jari. Ka riƙe ranar da aka ba ka, ka zo da katinka. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.