SABON INJIN BAN RUWA YA ƘI TASHI: ABIN DA ZA KA DUBA KAFIN KA NEMI BAKANIKE

Ɗan'uwa manomi, da yawa daga cikinku sun sayi ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur, na inci 2 ko inci 3, wasu da kuɗin amfanin damina, wasu kuwa bashi suka ci. Ba abin takaici kamar a kai sabon inji bakin rafi, a yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, shi kuwa ko tari bai yi ba. Sabon dashen tumatir da albasa ba ya jira. In ya kwana biyu ko uku ba ruwa sai ka tarar ya kwanta.

Wata rana na gamu da wani manomi ya ɗauro sabon injinsa a babur zai mayar wa mai shago, wai jabu aka sayar masa. Da muka duba, ashe ko ɗigon baƙin mai babu a ciki. Muka zuba, ja biyu ya tashi. Galibi haka abin yake. Inji abu uku yake bukata kafin ya tashi: fetur mai kyau, da wuta, da iska. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mai sauƙi.

1. KAFIN KA JA IGIYA

Ka zuba baƙin mai. Galibin sababbin injuna ba a zuba musu daga kamfani. Irin na doki 5 zuwa 6 da rabi yakan ci wajen kashi 6 cikin 10 na lita, wato rabin lita da ɗan ɗoriya. Ka ajiye injin a wuri mai daidai, ka zuba har man ya kawo bakin ramin. Irin man da ya dace yana rubuce cikin littafin injin. In ba ka karatun boko, ka ba wani ya karanta maka.

Injuna da yawa suna da wata na'ura da ke ɗauke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa. Haka kuma take yi in an ajiye injin a karkace a gangaren rafi, ko da akwai mai. Saboda haka ka share wuri, ka shimfiɗa katako.

Kada ka gauraya baƙin mai da fetur. Wannan inji ba irin zarton yankan itace ba ne. Fetur da mazauninsa, baƙin mai da nasa.

Ka cika cikin famfon da ruwa ta murfin sama kafin ka tayar. In ya yi aiki a bushe, abin da ke tare ruwa a ciki zai ƙone, famfo ya fara yoyo.

2. YADDA AKE TAYAR DA SHI

(a) Buɗe makullin fetur.
(b) Mai da makunni inda aka rubuta ON.
(c) In injin ya yi sanyi, ka rufe cok. In yanzu ka kashe shi yana da ɗumi, bar cok a buɗe.
(d) Matsa totur kaɗan, kamar sulusin hanya.
(e) Ja igiya a hankali har ka ji ta yi nauyi, sa'an nan ka fizga. Kada ka sake ta ta koma da ƙarfi.
(f) Da ya tashi ya ɗan yi ɗumi, ka buɗe cok sannu sannu.

In ka ja sau biyar ko shida bai tashi ba, dakata. Yawan ja ba ya gyara komai, sai dai ya tsinka igiya.

3. KA FARA DA FETUR

Yawancin laifin daga nan yake. Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a 2023 mai ya yi tsada, mutane suna saye kwalba kwalba a gefen hanya. Ba kowane man kwalba ne mai tsabta ba.

Ga yadda za ka gwada. Ka zuba kaɗan cikin farar kwalba ka ajiye. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, ka gan shi daban. Ka kuma ɗiga a farar takarda. Fetur zalla yakan bushe nan da nan. In ya bar tabon maiƙo, an gauraya shi da kananzir ko gas.

Tsohon fetur ma ba shi da kyau. Wanda ya wuce wata ɗaya ko biyu a jarka, musamman cikin zafi, ƙarfinsa yakan ragu, ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyin kafireto.

Don ka san ko mai yana isa kafireto, akwai wani ƙaramin noti a gindinsa. Ka tara gwangwani, ka sassauta notin, makullin fetur yana buɗe. In mai ya zubo da kyau, hanya a buɗe take. In ka ga ruwa ko datti, ka bari ya zuba har mai tsabta ya fito, ka ɗaure. In bai zubo ba sam, ka rufe makullin, ka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashinsa, ka wanke shi da fetur, ka mayar da robarsa daidai.

4. SAI FULOGI

Ka cire hular fulogi, ka kwance shi da sifanar da ta zo da injin. Bakinsa zai gaya maka abin da ke faruwa.

In a jiƙe yake da fetur, mai ya yi yawa. Yawan ja da cok a rufe ne ke kawo haka. Ka goge shi, ka kashe makunni, ka rufe makullin fetur, ka ja igiya sau da yawa ba fulogi don man ya fita. Sa'an nan ka mayar, ka tayar da cok a buɗe.

In a bushe yake ƙayau bayan duk jan da ka yi, mai ne ba ya zuwa. Ka koma lamba 3.

In ya yi baƙi da kunkunniya, ko dai kana barin cok a rufe lokacin aiki, ko matatar iska ta toshe.

Don gwada wuta, ka sa fulogin cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin injin nesa da ramin, ka kunna makunni, wani ya ja igiya. Ya kamata ka ga tartsatsi shuɗi. Kada ka yi wannan in akwai fetur da ya zube. Tazarar bakin fulogi a irin waɗannan injuna milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Wajen mayarwa ka fara murɗawa da hannu, kada ka ci zaren. Ka riƙa ajiye fulogi ɗaya sabo a aljihu.

5. SAI ISKA

Ka buɗe akwatin matatar iska ka duba soson. Ƙurar hunturu tana toshe shi da wuri. Ka wanke shi da ruwan sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. In ta takarda ce, kakkaɓewa kawai ake yi. Sabon injin da aka kwantar a gefe wajen ɗauko shi, baƙin mai kan malala ya jiƙa matatar, sai ya ƙi tashi ko ya yi ta farin hayaƙi. Kullum ka ɗauke shi a tsaye, makullin fetur a rufe.

6. IN YA TASHI YA MUTU

In ya yi 'yan mintoci ya mutu, ka sassauta murfin tanki ka sake tayarwa. In ya ci gaba da aiki, ƙofar iskar murfin ce ta toshe. In kuwa ba ya aiki sai da cok a rufe, akwai datti a kafireto. Ka tsiyaye shi ta notin nan, ka sa mai mai tsabta.

7. RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ka tace fetur da mazurari da tsabtataccen ƙyalle. Ka ware jarka ɗaya ta fetur kaɗai. Ka sake baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk bayan awa 100. In rani ya ƙare za ka ajiye injin, ka tsiyaye tanki da kafireto da ruwan famfo.

GARGAƊI

Kada ka zuba fetur inji yana aiki ko yana da zafi. Kada a sha taba kusa. Kada ka tayar da shi cikin ɗaki, ko ka sauka da shi cikin rijiya ko rami mai zurfi. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum.

In ka bi duk wannan babu wuta ko da sabon fulogi, ko igiya ta ƙi jawuwa, ko ta zo sakayau ba nauyi, to, aikin ya fi ƙarfinka. Kada ka farke sabon inji, don mai shago zai ƙi karɓa. Ka ɗauki rasit ɗinka ka mayar masa, ko ka nemi malamin gona na yankinku ya haɗa ka da bakaniken da ya san aikin.