Kafin Ka Yi Shelar Sabo, Ka Sayar da Na Hannu

'Ya'yana, da yawanku kun kama sana'a. Wannan yana ɗinki, wancan yana gyaran waya, wasu kuma sun duƙufa kan haɗa manhaja. Ƙwazonku yana faranta min rai. Abu ɗaya ke damuna, shi ne saurin baki: aiki bai nuna ba, an riga an kai shi Facebook da WhatsApp. Shi ya sa nake so ku ji labarin Adam Osborne da kwamfutarsa.

Osborne ɗan asalin Ingila ne, an haife shi a Tailan a 1939, ya yi ƙuruciyarsa a Indiya, daga baya ya zauna a Amurka. Da rubuta littattafan kwamfuta ya fara suna. A watan Afrilun 1981 kamfaninsa na jihar Kalifoniya ya fito da Osborne 1, wadda injiniya Lee Felsenstein ya tsara. A lokacin kwamfuta abar girkewa ce a kan tebur, ba ta motsi. Wannan kuwa in ka rufe ta sai ta zama akwati mai mariƙi, kamar keken ɗinki na hannu, nauyinta wajen kilo 11. Murfin akwatin shi ne allon rubutu. In ka buɗe, sai ka ga ɗan gilashi mai inci 5 a tsakiya, wanda harafi 52 kawai yake nunawa a layi, da ramin faifai ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba ta da batir a ciki, sai an jona ta da wuta.

Dabarar Osborne tana wajen farashi. Dala 1,795 ya sa mata, ya kuma haɗa wa mai saye da manhajoji irin su WordStar ta rubutu da SuperCalc ta lissafi, waɗanda in da daban za a saye su kuɗinsu ya kusa kamo na kwamfutar kanta. Kasuwa ta buɗe. Akwai lokacin da ake sayar da kusan guda 10,000 a wata.

A farkon 1983 sai ya fara nuna wa 'yan jarida sabuwar da ke tafe, mai suna Executive, alhali ba ta shirya shiga kanti ba. Ku sa kanku a matsayin dillalin da ya ji wannan labari. Me zai sa ya zuba kuɗinsa a tsohon yayi, bayan mai kayan da bakinsa ya ce wanda ya fi shi yana hanya? Dillalai suka soke oda, masu saye suka ce bari mu jira. Tsofaffin suka taru a sito, kuɗin da ake sa ran ƙera sababbin da shi ya daina shigowa. Aka yi ta karya farashi har ya sauko dala 995, ciniki bai dawo ba. A watan Satumban 1983 kamfanin ya je kotu ya bayyana cewa ya karye. Har yau masana kasuwanci suna kiran irin wannan kuskure da sunan Osborne. Baki shi ke yanka wuya.

Amma adalci shi ne in gaya muku ba baki kaɗai ya kayar da shi ba. Kamfanin Kaypro ya fito da irin tasa mai gilashin inci 9, ga ta da sauƙin kuɗi, ita kuwa Executive da ta iso inci 7 gare ta, kuɗinta dala 2,495. Sannan tun watan Agustan 1981 IBM ya shigo kasuwa, jama'a suka karkata ga kwamfutar da ke aiki da manhajojinsa, ta Osborne kuma ba ta yi. Ga kamfanin ya girma da gaggawa fiye da yadda masu riƙe da littafin kuɗinsa za su iya bi. Gidan ya riga ya yi rauni, maganar ce ta ƙarasa shi.

To, ga abin da nake roƙonku. Kayan da ke hannunku yau su ke ciyar da ku, su ne kuma za su haifi na gobe, don haka kada ku rage musu daraja da bakinku. Ke 'yata mai ɗinki, in kina da sabon yayi a zuciya, bari ki sayar da dogayen rigunan da ke rataye, ki tanadi yadin sabon, sannan ki ɗora hoto. Kai ɗana mai manhaja, kada ka sa wa mutane rana sai ka gwada aikin ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ka ce wa gobe, goben ta zo bai gani ba, zai yi wuya ya sake yarda da kai. Ku riƙa leƙa abin da maƙwabcinku na kasuwa yake sayarwa da nawa yake sayarwa. Kowane dare ku buɗe littafi ku san abin da ya shigo, da wanda ya fita, da bashin da ake bin ku, domin yawan ciniki yakan rufe wa mutum ido ya kasa ganin ramin da ke ƙarƙashinsa.

Kada kuma ku raina mutumin nan. Ya hango cewa mutane za su so tafiya da kwamfutarsu tun kafin manyan kamfanoni su farga, kuma bayan faɗuwar ya tashi ya kafa kamfanin manhaja. Ya rasu a Indiya a 2003. Ku ɗauki hangen nesansa, ku haɗa da haƙurin da ya gagare shi. Allah Ya sa albarka a nemanku, Ya ba ku ikon riƙe harshe har lokacin magana ya yi.