Ciwon Damuwa ga Samari da 'Yan Mata

Iyaye, wannan darasi naku ne. Idan yaro ya yi zazzaɓi, kukan taɓa goshinsa ku gane. Amma akwai ciwon da ba ya ɗumama jiki, shi ne ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Damuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa.

Yadda za ku gane shi

Kowa yakan yi baƙin ciki, ya wuce. Ya zama ciwo idan ya kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, har ya hana yaro karatu ko aikin gona. Ku lura da waɗannan:

1. Ya daina abin da yake so a dā, kamar ƙwallo ko hira da abokai.
2. Ba ya samun barci, ko kuwa ya yini a kwance.
3. Ba ya cin abinci, yana ramewa.
4. Saurin fushi. Matasa da yawa fushi suke nunawa maimakon kuka.
5. Ciwon kai ko ciwon ciki, an auna ba a ga komai ba.
6. Yana cewa, "Ba ni da amfani," ko "Gara in mutu."

Me ke kawo shi?

Rasuwar wani na kusa, rabuwar iyaye, duka da zagi, auren dole, gudun hijira, faɗuwa jarrabawa. Wani lokaci kuma babu dalilin da ido ke gani. Wasu samari sukan sha tramol don su ji sauƙi, ciwon kuwa sai ya ƙaru. Damuwa ba lalaci ba ce, ba kuma rashin bangaskiya ba. Bulala ba ta warkar da ita.

Abin da za ku yi a gida

Ku zauna da shi ku kaɗai, ku ce, "Na ga ka canja, me ke damunka?" Ku saurara har ya gama, kada ku tari numfashinsa da faɗa. Kada ku baza maganarsa a gari. Ku ci abinci tare, ya riƙa yin ƙananan ayyuka da sauran yara. Ku yi masa addu'a, ku kuma kawo shi asibiti.

A asibiti

Za mu duba ko akwai ƙarancin jini ko wani ciwo mai kawo kasala. Magani na farko shi ne tattaunawa da ma'aikacin da ya koyi aikin, zama bayan zama. Idan ciwon ya yi tsanani, likita zai iya ƙara ƙwaya. Takan ɗauki makonni kafin ta fara aiki, kada a daina sha ba da saninsa ba.

Lokacin haɗari

Idan ɗanku ko 'yarku ta yi maganar mutuwa, ku tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa mata wannan tunani, hanyar magana take buɗe mata. Ku kulle maganin ƙwari na gona, maganin ɓera da ƙwayoyi. Kada a bar ta ita kaɗai. Ku kawo ta a ranar, ko da dare ne. Da kulawa, yawancin matasa suna samun sauƙi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yaushe baƙin ciki yake zama ciwo?
2. Ina kuke ajiye maganin ƙwari a gidanku?
3. Wa matasanmu za su iya gaya wa damuwarsu ba tare da tsoro ba?