Kafin Ka Miƙa Makullin Ɗaki

Ɗana, na ji ka gama ɗakunanka na Alajo, har dillalai sun fara kawo maka mutane. Allah ya sa albarka. Sai dai ka ɗan dakata ka saurare ni kafin ka karɓi kuɗin kowa.

Mu fara da adibas, tunda nan ne ido yake rufewa. A Nima, da Maamobi, da Kotobabi, an saba mai gida ya ce sai kuɗin shekara biyu. Amma dokar haya ta Ghana ta 1963, wadda ake kira Act 220, ta ce kada a nemi fiye da na wata shida, in kuma hayar wata-wata ce, na wata ɗaya kawai. Za ka ce ai kowa na yi, ba a kama kowa ba. Haka ne, muddin ana zaman lafiya. Ranar da kuka saɓa da ɗan haya ya nufi ofishin Rent Control, rasit ɗin da ka rubuta da hannunka shi zai zama shaida a kanka. Ko ta fuskar riba ma abin ba ya da daɗi yadda kake zato. Wanda ya karɓi kuɗin shekara biyu a farkon 2022 ya ga ta kansa, domin kafin shekarar ta ƙare tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari, ga siminti ya tashi, ga shi ba halin ƙara ko sidi ɗaya.

Sai batun wa za ka sa a ɗakin. Mu mutanen zango da karɓar baƙo aka san mu, kakanninmu ma baƙi suka zo, wani ya ba su masauki. Waɗanda suka ga korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ba sa son jin an wulaƙanta mutum don ƙabilarsa ko ƙasarsa, ni ma ba na so ka yi. Amma tambaya ba wulaƙanci ba ce. Ka nemi Ghana Card ɗinsa, ka duba fuskar da kyau, ka ajiye kwafi. In daga Nijar ko Najeriya ko Burkina Faso ya zo, ka ga fasfo da takardar izinin zama. Ka tambaye shi sana'arsa, da mutum nawa za su riƙa kwana a ɗakin, da dalilin barinsa inda yake. Kada ka tsaya a amsarsa. Ka taka da ƙafarka zuwa tsohon gidan, ka gaisa da mai gidan, ka ji ta bakin mai shagon ƙofar gida da limamin masallacin layin. Su ne suka san wanda ke biya sai an yi ta bin sa, da wanda ke faɗa da maƙwabta kullum.

Wanda nake jin tsoro shi ne saurayin da bai taya ba, ya zaro kuɗi ya biya yadda ka faɗa, ba ya son ka san inda yake aiki, da rana barci labule a sake, da dare abokai da kwamfutoci. Mai yiwuwa aikin halal yake yi, mai yiwuwa kuma ɗan sakawa ne, wato mai damfarar intanet. In 'yan sanda suka zo, mai gida za su fara tambaya. Shi ya sa nake so kowane ɗan haya ya kawo dattijon da zai tsaya masa, wanda aka san gidansa.

Komai kusancinku, ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka ba abin kunya a ciki ko da ɗan limami ne. A sa kuɗin haya, da ranar shiga da ta fita, da wa zai sayi katin mitar wutar ECG, da rabon kuɗin ruwa da na kwasar shara, da cewa ba zai ba wani ɗakin haya ba da saninka ba. Kai ma ka faɗi gaskiya. Alajo a bakin kogin Odaw take, kowa ya tuna ambaliyar 3 ga Yunin 2015. In ruwa na shiga ɗakin da damina, ka nuna masa inda ya tsaya a bango kafin ya biya. Kada ka shafe wurin da fenti ka yi shiru. Harajin haya na hukumar haraji ta GRA kuwa, kashi 8 cikin ɗari ne a gidan zama, ka biya ka adana takardar.

In duk da haka ɗan haya ya ƙi biya, ka riƙe zuciyarka. Na san wani maƙwabcinmu da ya cire wa ɗan haya ƙyaure da kwano biyu na rufi ana tsakiyar damina. Shi ke bin bashi, amma shi ya kwana a caji ofis, ya kuma biya kuɗin katifa da talabijin da ruwa ya ɓata. Kada ka sa wa ɗaki kwaɗo, kada ka yanke wuta, kada ka kira samarin unguwa su watso kaya waje. Kotu kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya. Ka fara kiran wanda ya tsaya masa, ku zauna gaban liman ko sarkin zango. In ya gagara, ka ɗauki yarjejeniyarku da rasit ɗinka ka kai ƙara Rent Control, daga can in ta kama a wuce kotu.