Sassaucin Haraji ga Harkar Yawon Buɗe Ido: Darasi daga Ƙasar Ailan

Harkar yawon buɗe ido tana cikin sana'o'in da ke fara jin jiki idan tattalin arziki ya karye. Dalili kuwa a fili yake: magidanci ba ya daina cefane, amma yana iya fasa tafiya hutu. Da zarar baƙi sun ɗauke ƙafa, sai otal-otal su rage ma'aikata, gidajen abinci su rufe, direbobi da masu yi wa baƙi jagora su koma zaman kashe wando. Abin da ya faru a ƙasar Ailan, da ke yammacin Turai, ya nuna yadda gwamnati kan yi amfani da haraji a irin wannan hali.

Bankunan Ailan sun durƙushe a 2008 saboda ɗimbin bashin da suka zuba a harkar gine-gine. A Nuwamban 2010 ƙasar ta amince da shirin ceto na Yuro biliyan 85 tare da Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Baƙin da ke shigowa sun ragu daga kusan miliyan 8 a 2007 zuwa kusan miliyan 6 a 2010.

Da farko gwamnati ƙarin haraji ta yi don cike giɓin baitulmali. A Maris na 2009 ta ɗora Yuro 10 a kan kowane fasinja da zai tashi tafiya mai nisa daga filayen jirgin samanta. Da yake ƙasar tsibiri ce, kuma yawancin baƙinta ta sama suke zuwa, kamfanonin jirage suka yi ta kokawa. Aka mayar da harajin Yuro 3 a 2011, sannan aka daina karɓarsa a Afrilun 2014.

A Mayun 2011 sabuwar gwamnatin Firaminista Enda Kenny, ta bakin ministan kuɗi Michael Noonan, ta fito da shirin samar da ayyukan yi. Daga 1 ga Yuli aka rage harajin VAT a kan kwanan otal, abincin gidajen abinci, sinima da gidajen tarihi daga kashi 13.5 zuwa kashi 9 cikin ɗari. Aka kuma zabge rabin kuɗin inshorar da masu kamfani ke biya a kan ƙananan ma'aikata. An sassauta biza ga 'yan wasu ƙasashe da suka riga suka shiga Birtaniya da bizarta. A 2013 aka yi gangamin gayyato 'yan asalin Ailan mazauna ƙetare su zo ganin gida.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa sassauci ba ya zuwa kyauta. Abin da aka yafe wa wani, daga aljihun wani ake ɗebo shi. Don biyan kuɗin wannan shiri, an yanki kashi 0.6 cikin ɗari kowace shekara daga asusun fanshon da mutane suka tara wa kansu.

Baƙi sun dawo, har suka haura miliyan 10 a 2018, ayyukan yi kuma suka ƙaru. Sai dai ba ragin haraji kaɗai ya kawo haka ba, domin Amurka da Birtaniya, inda yawancin baƙin ke fitowa, su ma sun farfaɗo a lokacin. An tsara ragin VAT ɗin ya ƙare a ƙarshen 2013, amma aka yi ta tsawaita shi, alhali farashin ɗakunan otal a Dublin, babban birnin ƙasar, na ta hawa. Sai a Janairun 2019 aka koma kashi 13.5. An sake ragewa a Nuwamban 2020 saboda annobar korona, aka mayar a Satumban 2023.

Saboda haka, duk gwamnatin da za ta tallafa wa wannan sana'a da haraji, wajibi ne ta bayyana wa jama'a abu uku: wanda zai ɗauki nauyin sassaucin, ma'aunin da za a gane ko ya kai ga ma'aikaci da baƙo, da kuma ranar da zai ƙare. Na ukun shi ne ya fi wuyar cikawa, domin masu cin moriyar sassauci ba sa sakinsa cikin sauƙi.